Ruwa a Tukunya

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun ranar da aka ga wata jikina yake gaya mini na san wannan zafin. Masu lissafi sun ce sai bayan shekara talatin da uku azumi yake zagayowa inda ya baro. Ni dai Turanci na koyar har na yi ritaya, lissafi bai taɓa zama a kaina ba, amma maƙogwarona ya yarda da su. Irin wannan ranar ce, mai kwantar da kaji a gindin bango baki buɗe tun da hantsi, aka yi a shekarar da na tafka abin da har yau ban gama jin kunyarsa ba.

Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata nan cikin gari. Muna zaune a Yakasai, gidan su maigidana, tare da mahaifiyarsa da kowa yake kira Inna. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, gero ya yi tsada har mata suka koma awo da gwangwanin madara maimakon kwano. Famfon unguwa kuwa tun kafin Sha'aban ya yi yaji, in ka murɗa sai ya yi maka tari biyu ya yi shiru. Rijiyarmu sai da aka ƙara wa gugarta igiya, kuma abin da yake fitowa rabi ruwa ne rabi laka. A randa ake juye shi a jira ya kwanta, sannan a kwalfi na sama a hankali.

Kowace rana tafiyarta ɗaya. Da an idar da sallar asuba Inna za ta jiƙa gero da tsamiya da 'yan wake, ni in yi shirin makaranta. Kafin in isa, hijabina ya manne a baya. Rufin ajinmu na kwano ne, babu silin, yara sun haura saba'in, huɗu-huɗu a benci. Ƙarfe sha ɗaya na yi za ka ji kwanon yana ƙas-ƙas saboda zafi. Yawancinsu a shekarar suka fara cikakken azumi, leɓuna sun bushe sun yi fari, ga gasar wadda ba ta sha ko ɗaya ba. In na dawo bayan azahar sai in shimfiɗa jiƙaƙƙen zani a kan siminti in kwanta, ko magana ba na so. La'asar na yi gida ya tashi. A daka, a kai markaɗe, a tace kunu, a hura wuta. Daga nan hayaƙi ya fara tashi ta saman katangu, gida bayan gida, har lungun ya cika da ƙamshin tsamiya da na man ƙosai.

Dab da magariba kuma sai zirga-zirgar languna ta fara. Kowane gida yana aika wa maƙwabta ɗan abin da ya dafa a langa mai murfi, kuma ba a mayar da langa wofi. In ka kai kunu a zubo maka ƙosai, in ka kai ƙosai a sako maka dabino uku. A lokacin ni na ɗauka wahalar da kai ce kawai irin ta tsofaffi, kunu ya tafi kunu ya dawo. Na sha faɗa wa Inna haka, ta kan dube ni ta ce, "Ke dai 'yar boko, tace kununki."

A zangon karatun, darasin da ya sha mini kai shi ne na 'yan ƙananan kalmomin nan na Turanci masu faɗin inda abu yake: ciki, kan, ƙarƙashi, gefe, baya, tsakani. Yarana sun iya haddace dogayen kalmomi, amma waɗannan 'yan firit ɗin sun gagare su. Na yi ta fama da kwalin alli da lemon tsami guda. In sa lemon a cikin kwali su ce "in", in ɗora shi a kai su ce "on", in tura shi ƙasa su ce "under". A baki kamar sun iya, ajin har amsa kuwwa yake yi. A takarda kuwa sai ka ga abin takaici. Ni kuma ina da zafin rai ko ba azumi, balle da shi. A bayan idona Malama Barkono suke ce mini, na sani, kuma ban ce sun yi ƙarya ba.

Yarinya ɗaya ce ba ta ba ni ciwon kai, Falmata. Siririya ce, ba ta da hayaniya, a bencin gaba take zama. Mahaifinta Malam Bukar, asalinsu Barebari ne amma tun kakanni suke Kano, gidansu lungu biyu ne daga namu. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, da alƙalamin kara da tawada, aikin da yakan ci shekara kafin a gama guda. To a lokacin idonsa ya fara rauni, mutane kuma sun koma sayen bugun inji. Falmata ta gaji hannunsa, rubutunta kamar an jera shi da zare. Ta taɓa ce mini in ta girma malamar Turanci za ta zama, kuma na taɓa leƙowa ta taga na gan ta riƙe da kwalin allina tana koya wa 'yan bencinsu da irin muryata. Ban yi mata faɗa ba, daɗi ma na ji.

Ranar sha biyu ga azumi na gaji da lemon tsami, na ce bari in kai su gida. Na ba su aiki: kowacce ta rubuto jimla goma a kan abin da ta gani a tsakar gidansu lokacin buɗa-baki, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da muke koyo. Har na ɗaga yatsa na ƙara da cewa, "Abin da kika gani da idonki nake so. Kada wadda ta yi mini ƙarya a watan azumi."

Washegari ita ce rana mafi zafi da na taɓa gani. Ko iska ta kaɗo, kamar daga bakin murhu ta fito. A darasin ƙarshe na tara littattafan a gabana ina dubawa, kaina yana sarawa. Wata ta sa kaza a ƙarƙashin tukunya, wata ta cusa babanta a cikin tabarma. Kuma kaji da nama da lemo sun cika littattafan nan, a shekarar da ni mai albashi ban ga kaza ba. Jan birona har ya gaji. Sai na zo kan na Falmata. Ta ninke shafin gida biyu, ta soke bakinsa ciki yadda ba zai buɗe da kansa ba. Ban tsaya tunanin dalili ba, na warware. Idona a kan kalmomin da aka ja wa layi kawai yake, ban karanta jimla ko ɗaya ba. Daidai, daidai, daidai, har goma. Na rubuta goma bisa goma, na miƙe tsaye.

Na ce, "Ku yi mini shiru. Ku saurara ku ji yadda ake Turanci."

Al'adata ce in karanta jimla in fassara ta da Hausa don na baya su gane, haka kuwa na yi. Tukunya tana kan wuta. Ruwa yana cikin tukunya. Murfi yana kan tukunya. Na ce kun ji ko, kowace kalma ta zauna a gidanta. Babu komai a ƙarƙashin murfin sai ruwa. Hayaƙi yana tashi sama da katanga. Maƙwabta suna bayan katanga.

A nan bakina ya tsaya, don sai a nan kunnena ya ji abin da bakina yake faɗa. Na sauke ido a kan sauran. Mahaifiyata tana zaune gefen murhu. Mahaifina yana cikin zaure. Ƙanwata tana kwance kusa da randa. Ta goman kuwa, wadda na riga na yi wa alamar daidai da hannuna, cewa ta yi: wannan magana tana tsakanina da Malama.

Sai wata yarinya Ladidi, wadda katangarsu ɗaya da su Falmata, ta ce, "Ashe shi ya sa hayaƙinsu ba ya ƙamshi." Wallahi ba na jin da mugunta ta faɗa, mamaki ne ya kuɓuce mata. Amma 'yan baya suka kwashe da dariya. Falmata ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannuwanta a kan benci tana kallonsu har aka kaɗa ƙararrawa, ta fita ba ta karɓi littafinta ba.

Na isa gida ban ko nemi jiƙaƙƙen zanina ba. Na tarar da Inna tana tsince wake a faifai, na zayyana mata komai, na ƙare da cewa ashe gidan Malam Bukar ruwa zalla suke ɗorawa a wuta don kada a gane, kuma babu wanda ya sani.

Inna ta ajiye faifan. Ta ce, "Wa ya ce miki ba a sani ba?"

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Duk matan lungun nan sun sani. Amma wa kika taɓa ji ya faɗa? Langar da nake aikawa gidansu kullum kina ganin ta fi ta kowa cika, kin taɓa tambaya? Gida huɗu muke yi. Uwar Falmata kuma ta ƙullo mana ɗan turaren wutanta na Barebari ta sako a ciki. Ta ba mu, mun ba ta, babu wanda ya roƙi wani. Wutar da take hurawa kuwa mutuncinta take dafawa, mu kuma mu kau da kai."

Na ce to yanzu ya zan yi. Ta ce kada in yi komai. In bar maganar ta huce, ita za ta shiga wajen uwar da kanta bayan kwana biyu, kamar ta je neman kanwa. Ta maimaita, "Kin ji ko? Kada ki yi komai."

Ban ji ba. Ni a ganina wannan duk noƙe-noƙe ne, mutane suna cikin yunwa ana ta wasan langa. Gaskiyar magana kuma, wadda sai daga baya na yarda da ita, nauyin da ke ƙirjina nake son saukewa, ba yunwarsu ba. Washegari Asabar, da hantsi na tafi kasuwa na sayi rabin buhun gero da sukari, na ɗora wa ɗan dako, na sa shi a gaba. Muka ratsa lungu rana tsaka, maza suna zaune a inuwar zauruka, mata suna leƙe ta bayan labule. Har ina jin kaina wata mai kirki.

Malam Bukar yana zaure a kan buzu, ya kusanto da takarda dab da idonsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi Inna da maigidana da ɗalibai. Sannan ya dubi buhun da aka jingine a ƙofarsa.

Ya ce, "Malama, wannan fa?"

Na ce, "Baba, ɗan abin buɗa-baki ne, a yi wa yara kunu."

Ya ajiye takardar. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya karɓi niyya. Sai dai ina jin an yi ɓatan kai. Gidan nan, alhamdu lillahi, ba mu rasa komai ba. A kai bakin masallaci, akwai mabuƙata." Ya juya ga ɗan dakon ya ce, "Malam, taimaka ka ɗauka."

Bai ɗaga murya ba, ko fuska bai ɓata ba. Haka buhun nan ya sake ratsa lungu a kan ɗan dako, ina biye, duk wanda bai gan shi da zuwa ba ya gan shi da dawowa. Da magariba Inna ta aika da langarta kamar kullum. Aka dawo da ita yadda ta tafi, kunun ko taɓa shi ba a yi ba, an ce a gaya wa Inna an gode, yau sun wadata. Haka aka yi wa sauran gidaje ukun. Tunda na kira abin da sunansa a gaban jama'a, ya zama sadaka, su kuma ba su karɓar sadaka.

Inna ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta yi. Ta ce, "Kin yaye musu mayafi a makaranta, bai ishe ki ba, kin zo kin rufe mana ƙofar da muke bi. Yanzu ki gaya mini me yaran nan za su sha." Sauran kwana sha shida na azumin nan, kullum la'asar ina ganin hayaƙin gidansu yana tashi, ina sane da abin da ke cikin tukunyar, kuma babu yadda zan yi. Kunu ya daina yi mini daɗi a baki.

Bayan haka kwana biyu kacal Falmata ta ƙara zuwa makaranta. Kafin nan suna ya riga ya bi ta, Ruwa-a-Tukunya. Na kama masu kiran ta da shi na zane su a gaban aji, abin da ya ƙara tallata maganar har sauran azuzuwa. Na so in kira ta gefe in ba ta haƙuri, girman kai na malanta ya hana ni, na ce sai an huce. Rana ta uku bencinta ya zama na mutum uku.

Ruwan farko ya sauka mako guda bayan Sallah, da rana, da ƙanƙara. Yara suka fito tsakar lungu suna tsalle, mata suka jera bokitai a bakin indararo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Da aka koma makaranta na kira sunanta a rajista, shiru. Na yi mako biyu ina kira. Da na gaza haƙuri na je gidan, uwar ta tare ni a bakin ƙofar tsakar gida, ta gaishe ni da mutunci, ba ta ce in shigo ba. Ta ce yarinyar ce da kanta ta ce ba za ta iya ɗaga kai a ajin nan ba, Malam ya tura ta wajen gwaggonta a ƙasar Barno. Bayan shekara biyu Malam Bukar ya rasu, iyalin suka tashi. Littafin ya zauna a wajena, na yi ta yawo da shi daga akwati zuwa akwati.

Yanzu lungunmu babu hayaƙi. Kowa da ɗan gas ɗinsa a ɗaki, ba ka sanin wanda ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba. Ruwa a leda ake saye, ƙanƙara a kan babur ake kawowa. Inna ta daɗe da rasuwa, ni ce tsohuwar gidan, ni ce kuma mai rigimar sai an kai langa maƙwabta, jikokina suna ce mini wahalar da kai.

Shekaranjiya murfin langar tawa ya ɓata, na hau ɗan sahu na tafi Ƙofar Wambai neman wata. Na tsaya a wani ɗan shagon kwanuka ina ciniki da zafina da na saba, sai matar da ke ciki ta daina ɗaure kaya ta zuba mini ido.

Ta ce, "Wannan muryar Malamarmu ta Turanci ce."

Ta yi jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, amma hannuwan nan da ta ɗora a kan benci su ne. Ta zagayo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ba ni kujerarta. Ta ce a Gwammaja take aure, 'ya'ya biyar. Na tambaye ta ko ta ci gaba da karatu a can. Ta ce, "Ba a samu hali ba, Malama."

Na ce, "Falmata, ki yafe mini. Na daɗe ina ɗauke da wannan maganar a raina."

Ta ce, "Haba Malama, a wannan wata mai alfarma? Ya wuce tuntuni." Ta ɗauko langar da na zaɓa ta shiga goge ta da gefen mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Amma akwai abin da na daɗe ina son in sani. Ban karɓi littafina ba. Nawa kika ba ni?"

Na ce, "Goma bisa goma."

Ta ɗago. "Har ta ƙarshen?"

"Har ita. Babu kuskure ko ɗaya."

Ta juya langar a hannunta. Sannan ta ce, "Ikon Allah. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka ita ce ban rubuta daidai ba, shi ya sa ba ki gane ba."

Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Shekara talatin da uku yarinyar nan tana ɗora wa Turancinta laifin da yake nawa. Na iso gida ana kiran magariba, jikata ta karɓi ledar ta ciro langar za ta wanke, ta buɗe murfin ta ce, "Hajiya, akwai abu a ciki." Ɗan ƙullin turaren wuta ne.